Goyo Da Shayarwa: Haƙƙin Jariri A Jikin Mahaifiyarsa

Jawabin da aka gabatar ga 'yan'uwa maza da mata na ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, Jihar Zamfara



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya tanadi abincin jariri a ƙirjin mahaifiyarsa tun jaririn bai san yunwa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, maganar da za mu yi yau ita ce ta goyo da shayarwa, wadda mazaje da yawa suke ɗauka ta cikin gida ce, ta mata zalla. To, amma duk maigidan da ya taɓa ɗaukar ƙaramin likkafani a hannunsa zuwa maƙabarta ya san cewa maganar tasa ce shi ma. Abu guda muke son mu tabbatar a wannan zama: nono da jikin uwa tare Allah Ya haɗa su. Jaririn da yake manne da mahaifiyarsa shi yake samun nono a kan kari, kuma nonon da ake yawan tsotsa shi yake ƙaruwa. Saboda haka duk abin da ya raba ɗa da jikin uwarsa, ko al'ada ce, ko aiki, ko saki, ko gudun hijira, ya soma raba shi da abincinsa ke nan.

MATSAYIN AL'AMARIN A SHARI'A

Allah (S.W.T.) bai bar sha'anin shayarwa ga al'adar kowace ƙabila ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, Ya ƙayyade cikakkiyar shayarwa da shekara biyu, kuma a cikin ayar nan dai Ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban yaro. An sake ambaton shekara biyun a Suratu Luƙman, aya ta 14. A Suratuɗ Ɗalaƙ kuma, aya ta 6, an umarci wanda ya saki matarsa da ya biya ta ladan shayar masa da ɗa. Ku lura, jama'a, inda aka yi maganar nonon uwa, nan aka yi maganar aljihun uba.

Game da ɗaukar yaro a jiki kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ƙatada (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, 'yar Nana Zainab; in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukar ta. Sun kuma ruwaito daga Anas (R.A.) cewa yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, saboda sanin halin da zuciyar mahaifiyar yaron take shiga. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wata mata da ta kai ƙara, mijinta ya sake ta kuma yana neman ya karɓe ɗanta. Hujja uku ta kafa: cikinta da ya ɗauki yaron, da nononta da ya shayar da shi, da cinyarta da ta zame masa mazauni. Annabi (S.A.W.) ya hukunta cewa ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi wani aure ba. Wannan baiwar Allah ta jera ciki da nono da cinya a matsayin abu ɗaya, kuma a kan hakan aka yi mata hukunci.

YADDA GOYO YAKE KAWO NONO

Likitoci sun bayyana cewa sinadarai biyu ne suke gudanar da aikin nono a jikin mace, kuma dukkansu daga gindin ƙwaƙwalwa ake sako su cikin jini. Na farko, wanda suke kira furolaktin, shi yake sa a samar da nonon. Yana ƙaruwa duk lokacin da jariri ya tsotsa, kuma ya fi yawa da dare. Na biyu, oksitosin, shi yake matso nonon ya zubo. Taɓa fatar jariri, da jin ƙamshinsa, kai har jin kukansa kawai, suna sa wannan sinadari ya fito, shi ya sa mai jego take jin nononta ya tsatso alhali ɗan yana can ɗaki. Tsoro da ciwo da ɓacin rai kuwa sukan danne shi na ɗan lokaci. Ashe ke nan nono kamar rijiya ce mai ido: in ana ɗiba tana kawowa, in an bar ta sai ta ja baya.

To, a nan ne amfanin goyo yake bayyana. Jariri sabon haihuwa yana bukatar nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, kuma ba da kuka yake fara nema ba. Da farko yakan juya kai, ya buɗe baki, ya kai hannu baki yana tsotsa. Kuka shi ne ƙarshen roƙonsa, kuma yaron da ya gaji da kuka ba ya kama nono da kyau. Uwar da ɗanta yake jikinta tana jin motsin farko, sai ta kwance majanyi ta juyo da shi. Wadda aka kwantar mata da nata a wani ɗaki ba za ta sani ba sai ya tsage da kuka, wani lokaci ma har ya gaji ya koma barci da yunwarsa.

Wannan abu da kakanninmu suka sani da zane da majanyi, Turawa sai da suka auna shi. A shekarar 1986 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Mantiriyal na ƙasar Kanada, inda aka nemi wasu iyaye mata su ƙara yawan ɗaukar jariransu a jiki. Da jariran suka kai mako shida, sai aka ga kukansu ya ragu da kashi 43 cikin 100 idan aka gwada da na sauran. A yau suna sayen abin goyo da kuɗi masu yawa, mu kuwa mun gaje shi kyauta. Kada ganin keken tura jariri da bulumboti a hannun wasu ya sa mu raina abin da yake hannunmu.

ƘIRJI KAFIN BAYA

Sai dai goyon da muka sani a baya yake, kuma ba a fara shi a ranar haihuwa. Akwai wani goyon da ya riga shi, watau na ƙirji, wanda muke da ƙarancin saninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa da zarar an haifi jariri a goge masa jiki, a kifa shi a ƙirjin mahaifiyarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare, a bar shi ya kama nono cikin sa'a ta farko, a kuma jinkirta yi masa wanka har kwana ɗaya. Jikin uwa yana ɗumama shi, tsotsonsa kuma yana taimaka wa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu. Wani bincike da aka yi a kan jarirai fiye da dubu goma a karkarar ƙasar Gana, aka buga a 2006, ya ƙiyasta cewa da kowane jariri zai kama nono cikin sa'ar farko, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mace-macen watan farko, da izinin Allah.

Ga bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi, al'amarin ya fi haka girma. A shekarar 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, kwalaben da ake ɗumama bakwaini suka yi kaɗan. Sai wani likita mai suna Edgar Rey ya sa iyaye mata su ɗaura 'ya'yansu a tsakanin nonuwansu dare da rana, suna shayar da su a nan. Aka kira wannan hanya salon kangaru, da sunan wata dabbar ƙasar Ostireliya mai rainon ɗanta a cikin wata jaka ta jikinta. A 2021 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a ƙasashe biyar, watau Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Nijeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga. Jariran da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba, waɗanda aka ɗora a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, mutuwarsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu idan aka gwada da waɗanda aka fara ajiyewa a kwalba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan shawararta ga duniya baki ɗaya.

Jama'a, kwalba mai aiki da wutar da ba ta yankewa tana da nisa daga yawancin ƙauyukanmu, amma ƙirji da zane suna kowane gida. Idan aka haifi bakwaini, musamman cikin hunturu, a sa masa hula, a ɗaura shi a ƙirjin uwa, kansa a juye gefe guda, hancinsa a buɗe, a haka za a kai shi asibiti. In uwar ta gaji, uba ko kaka ko abokiyar zama su karɓe ta. Babu abin kunya ga namiji a cikin wannan, tunda wanda ya fi mu daraja ya ɗauki jikarsa a cikin salla.

WURAREN DA MUKE RABA ƊA DA UWA

Na ɗaya, ranar haihuwa. A gidaje da dama ungozoma ko kaka takan ɗauke jariri a yi masa wanka nan take don gudun ƙarni, a matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, a riƙa ɗura masa ruwan ɗumi ko nonon akuya ko jiƙe-jiƙe har kwana biyu ko uku. Wasu har gwada nonon suke yi da tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Alhali kuwa dakashi shi ne rigakafin farko na jariri, cike yake da sinadaran kariya daga cuta, kuma ƙarancinsa daidai yake da cikin jaririn, wanda a ranar farko abin da yake ɗauka bai wuce ƙaramin cokali ba a sha ɗaya. Tahaniki da ya zo a sunna ɗan goga dabino ne a dasashi, ba ya hana a ba da nono nan take. Zuma kuwa likitoci sun yi gargaɗin kada a ba yaron da bai shekara ba.

Na biyu, kunyar ɗan fari. Yarinya ta haihu, al'ada ta hana ta kallon ɗanta, ta hana ta ɗaukarsa a gaban surukai, sai an matsa mata kafin ta ba shi nono, shi ma a ɗarare. Kunya tana daga cikin imani, amma kunyar da take hana mai haƙƙi haƙƙinsa ba ita Musulunci ya yaba ba. Iyaye mata da kakanni, ku ne masu riƙe da wannan al'ada, ku ne kuma za ku iya sassauta ta. Mai haihuwar fari ta fi kowa bukatar a zaunar da ita, a nuna mata yadda za ta rungume shi, cikinsa a jikin cikinta, bakinsa a buɗe sosai ya kama har baƙin da yake kewaye da kan nono.

Na uku, ruwa da 'yar raino. Mukan ce zafin ƙasarmu ya yi yawa, dole jariri ya sha ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ya wadatar da yaro har wata shida, ko da a bazara. Ruwan da muke ba shi yana cika masa ciki ya rage tsotso, yana kuma iya kawo masa gudawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida suke shan nono zalla. Sau da yawa kuma ba uwa ce take ba da ruwan ba. Aiki ne ya yi mata yawa, ga daka, ga surfe, ga girki, ga wanki, sai ta ɗaura wa 'yar shekara bakwai jaririn ta fita da shi, in ya yi kuka a ba shi abin da ya samu. Maigida, wannan naka ne: kuɗin niƙa da na ruwa da na itace da za ka biya, nono ne kake saya wa ɗanka.

Na huɗu, yayen farat ɗaya. Da an ga uwa ta sami ciki, ko aure ya mutu, sai a kwashe yaro a kai shi gidan kaka, ya rasa nono da baya a rana guda. Daga nan sai ƙin cin abinci, sai rama, sai tamowa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi niyyar hana gila, wadda malamai suka fassara da kusantar mace mai shayarwa ko shayarwar mai ciki, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba, ya bari. Likitoci ma sun ce mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa in tana cin abinci sosai. Ibn Sa'ad ya kawo cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya ji kukan wani yaro da dare a Madina, ya tarar uwar tana gaggauta yaye shi ne domin baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da kasonsa tun daga haihuwa. Shugaba ya canza doka saboda kukan yaro ɗaya. Mu ma ma iya canza al'ada.

DARASIN GUBAR DALMA

Yanzu sai mu zo kan abin da ya same mu a wannan yanki, wanda ya nuna cewa goyo yana kai yaro duk inda aka kai uwarsa. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa, watau MSF, ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gidaje, ana fasawa, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙa. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, duk sun ɗanɗana. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an tarar yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, yawancinsu bayan jijjiga. Daga cikin abubuwan da binciken ya danganta da mutuwar yaro akwai kasancewar mahaifiyarsa tana aikin dutsen. An kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka yi wa dubban yara magani, Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta.

Mu tsaya mu yi tunani. Uwa tana daka, ɗanta yana bayanta, ƙura tana sauka a fuskarsa da hannunsa da zanen goyonsa, ta juyo shi ta ba shi nono da hannun da ya yi aikin. Shin goyon ne ya yi laifi? Da ta sauke shi, a kan ƙasar da ta fi kowane wuri guba zai yi rarrafe. Laifin yana ga shigo da dutsen cikin gida da ɗora wa mai goyo aikinsa. Maganin kuwa a raba uwa da aikin, a bar ta da ɗanta.

Tunda har yau ana haƙar zinare a wannan ƙasa tamu, wajibi ne mu riƙe waɗannan: kada dutse ko garinsa ya shiga gida, kada turmi ko injin abinci ya taɓa shi, mai ciki da mai goyo kada su kusanci wurin, maigidan da ya dawo daga aikin ya yi wanka ya canza tufafi tun a can kafin ya ɗauki yaro. Har wa yau, dalma tana ɓuya a cikin ƙashi shekaru masu yawa, tana kuma komowa cikin jini lokacin ciki da shayarwa. 'Yan matan da suka tsira suna ƙanana a 2010 yanzu sun kai munzalin aure, wasu ma suna goyo. Mazajensu su kai su awo, su gaya wa ma'aikatan lafiya garin da suka tashi, su nemi a auna jininsu. Abin da yake shiga nono kaɗan ne idan aka gwada da na cikin jinin uwa, don haka kada kowa ya yanke wa yaro nono da zato. Likita ne zai faɗi haka bayan awo.

MASU GUDUN HIJIRA

'Yan'uwanmu da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu zuwa cikin Anka da sauran garuruwa, da waɗanda ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024 ta rushe wa gidaje, da yawansu da goyo suka fito. Za ka ji mace ta ce nononta ya ƙafe saboda firgita. Firgita tana hana shi zubowa ne na ɗan lokaci, amma in an ci gaba da sa yaro a ƙirji yana tsotsa, yana dawowa. Mace ko da ta rame tana samar da nono mai amfani. Saboda haka masu kai taimako, ku ciyar da uwa, ku sama mata wurin da za ta zauna cikin sutura da natsuwa. Raba madarar gwangwani da bulumboti a inda babu tsabtataccen ruwa yana iya zama sanadin gudawar da za ta kashe yaron da aka zo taimako. A bar wannan ga ma'aikatan lafiya, su ba wanda ya rasa uwa ko ya rasa mai shayar da shi.

KAMMALAWA

Muna tunatar da 'yan'uwa mata adabin goyon kansa: a tallafe wuyan ƙaramin jariri, kada haɓarsa ta danne ƙirjinsa, kada hijabi ko mayafi ya toshe masa iska cikin zafi, a riƙa leƙa shi, a nisantar da shi daga hayaƙin murhu da tafasasshen ruwa. Da dare ya kwana kusa da uwarsa a cikin gidan sauro. Bayan wata shida a fara ba shi kunu mai kauri da abincin gida, ana ci gaba da nono da goyo har shekara biyu.

Muna kira ga limamai da malaman Islamiyya su sanya wannan a huɗuba da darasi, ga ungozomomi su miƙa wa uwa ɗanta tun kafin komai, ga magidanta kuma su tuna cewa kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Jariri ba shi da bakin kai ƙara a duniya, amma yana da ranar da za a saurare shi.

Allah Ya jiƙan yaranmu da suka riga mu, Ya sa su zama masu ceton iyayensu. Ya raya waɗanda suke baya a kan Musulunci, Ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.